Ƙunshin Jabir Mahauci

Jabir mahauci ne a Abatuwa, ƙato mai faɗin ƙirji da kaurin murya, irin mutumin da in ya kama ƙahon sa, san ne yake fara neman sulhu. A unguwarsu ta Nasarawa Gwom kowa ya san takunsa da dariyarsa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, tun da aka haifa masa 'ya'ya bai taɓa wuni da su shi kaɗai ba.

Wata Asabar cikin watan Agusta ya dawo gida da wuri. Tun asuba yake tsaye a kan nama, amma kafin hantsi ya yi nisa gari ya haɗe baƙi ƙirin ta wajen duwatsun gabas, masu sayen nama suka yi cinikinsu a gaggauce suka watse. Ya shigo ya tarar da matarsa Balaraba tana ɗaura ɗankwali a gaban madubi. Kashegari ne bikin ƙanwarta Hussaina a Tudun Wada, yau kuma ranar suyar cincin da dubulan.

"Baban Fiddausi, anya za ka iya da yaran nan? Ko in tafi da su?"

"Yara biyu? Haba Balaraba. Ni da nake kwantar da bijimi ni kaɗai?"

"Bijimi ba ya tambaya," in ji ta, tana yafa mayafi. "Ga dafa-duka nan a kula. Kwanon da ke kan kabad kuma kada wanda ya taɓa min, na rufe shi da faranti."

"To, to. Ki gaishe su."

Bai ma ɗaga kai ya dubi kabad ɗin ba. Hankalinsa na kan doguwar kujera da bargon da ke ninke a kanta.

Fitarta ke da wuya aka ƙwanƙwasa ƙofa. Magadaliya ce, maƙwabciyarsu ta ɗakin da ke kallon nasu, cikin fararen kayan nas, riƙe da lema a hannu ɗaya, 'yarta Fibi a ɗayan.

"Baban Fiddausi, don Allah taimako. Ina da aikin rana, Baban Fibi kuma ya tafi Bukuru tun safe, hadarin nan ba zai bar shi ya dawo yanzu ba."

"Shigo da ita, Maman Fibi. Biyu da uku duk ɗaya ne a wurina."

Fibi ta wuce ta ƙarƙashin hannunsa kamar ɗakin nasu ne. Sa'ar Fiddausi ce, aji ɗaya suke, kuma in suka haɗa kai suna raɗa, Nura ƙanen Fiddausi yakan san akwai abin da za a aike shi ya yi wanda shi zai sha faɗa a kai.

Ruwan ya sauko da ƙanƙara. Rufin kwano ya ɗauki ƙara kamar ana zazzage buhun tsakuwa a kai, da tsawar farko kuma aka ɗauke wuta. Jabir ya miƙa musu wayarsa su kalli katun, ya ja bargo. Bai kai ga rufe ido ba wayar ta yi ƙara ta mutu.

"Baba, me za mu yi?"

"Ku yi wasa."

"Wane?"

"Kowanne."

Suka ɗauki maganarsa yadda ya faɗe ta. Da farko Nura ya zura kwano ta bakin ƙofa ya tari ƙanƙara, suka zauna suna tsotsa, har sai da ya jefa wa Fibi ɗaya a bayan riga ta yi ihun da ya fi na tsawar. Daga nan suka kwashe matasan kujera da zannuwan Balaraba suka gina gida a tsakiyar falo, aka yi rikici a kan wa zai zama mai gida, wa zai zama ɗan haya, gidan ya rushe a kan Nura. Rufi ya soma yoyo a wuri biyu, Jabir ya tashi ya tara tukwane, Nura ya gano cewa tukunya mai ruwa rabi ta fi daɗin kiɗa da cokali. 'Yan matan suka ce to su za su yi langa. Langa a falon da bai fi a shimfiɗa tabarma uku ba. Filas ɗin shayi ya faɗo daga tebur, ya yi wata ƙara a ciki wadda duk mai filas ya san ma'anarta.

"Ku zauna!" Jabir ya daka tsawa. "Kowa ya zauna, zan yi muku tatsuniya."

"Ba a tatsuniya da rana," in ji Fiddausi.

"Dubi waje. Wannan ya yi miki kama da rana?"

Suka zauna. Ya fara ba su labarin wata akuya da ta ɓata a daji, sai dai rabin labarin ya san shi, sauran ya manta. Da ya rasa inda zai kai akuyar, sai ya kai ta inda ya saba kai awaki. Yana cikin bayanin yadda ake fiɗa ba tare da an huda fata ba, da inda kitse ya fi taruwa, ya lura idanun Fibi sun cika da ƙwalla.

"An yanka shi?" ta tambaya. "Akuyan da ya ɓata?"

"A'a, a'a. Wata ce daban. Waccan ta koma gida."

"To Baba," in ji Nura, "ina ruwa yake zama kafin ya sauko? Wa yake kulle shi in ya gama? Me ya sa ƙanƙara ba ta narkewa a sama? Sa yana jin sanyi?"

Jabir ya dubi bargon. Ya dubi ruwan da ko alamar tsagaitawa babu. Ya tuna maganar Balaraba, ya ji haushin cewa ta yi gaskiya. Suka ci dafa-dukar da zafinta, ya yi sallar azahar yara na tsallake ƙafafunsa, cikinsa ya yi nauyi, idanunsa suka fi cikin nauyi. A nan ne dabara ta faɗo masa, har sai da ya yi murmushi shi kaɗai.

"Ku zo in koya muku wasan da ya fi kowanne. Wasan asibiti. Ni ne mara lafiya, ku ne likitoci."

Fibi ta miƙe tsaye. Nan fa aka zo fagenta.

"Amma da sharaɗi," in ji Jabir, yana ɗaga yatsa. "Ciwona mai tsanani ne. Mara lafiya irina ba ya motsi, ba ya magana. Likitoci kuma ba sa ihu a kansa, raɗa suke yi. Wanda duk ya tashe ni, an kore shi daga aiki."

"Haka ne," in ji Fibi da muryar manya. "Mamana ya ce a ɗakin masu ciwo sosai ko takalmi ba ya ƙara."

Ya miƙe a doguwar kujera, suka lulluɓe shi da bargo har wuya. Fiddausi ta zama babbar likita, Fibi ta zama nas, Nura aka ba shi ɗauko wannan, miƙo wancan. Aka sa masa cokali a hammata don auna zafin jiki. Aka rataye gorar ruwa a ƙusar labule, aka ɗaura zare daga gorar zuwa hannunsa, ƙarin ruwa ke nan. Aka yi masa allura da tsinken tsintsiya, ya daure bai motsa ba. Ɗakin ya yi tsit, sai raɗa da saukar ruwa a kan kwano. Jabir ya ce a ransa, mata dai suna wahalar da kansu ne kawai, renon yara ai lissafi ne.

Cikin barci ya ji kamar ana shafa masa wani abu mai sanyi a tafin hannu, sannan a tafin ƙafa. Ya ji ƙarar leda. Ya ji muryar Fiddausi can nesa tana cewa, "Riƙe yatsan da kyau, kada ya goge." Abin ya yi masa daɗi, kamar tausa. Ya ƙara nutsewa.

Kiran sallar la'asar ne ya tashe shi. Ya yunƙura zai murza ido, ya ji hannun ba nasa ba. Hannayen biyu suna cikin baƙar leda, an ɗaure a wuyan hannu da tsumma. Ƙafafun ma haka. Wani ƙamshi mai kama da ɗanyen ganye ya cika ɗakin, ƙamshin da ya sani sarai, amma bai taɓa jin sa a jikinsa ba. A ƙasa ga kwanon kan kabad, an sauke shi, an sharce shi tas.

Likitocin uku suna zaune a jere a kan tabarma, hannu a cinya, kamar 'yan makarantar da ba su taɓa laifi ba.

Ya yage ledar da haƙori. Lalle ne, ya bushe ya danƙare a tafinsa. Da ya kankare, sai ga ja ya fito, ja mai kyau, irin wanda mata ke kwana suna addu'ar samu. Ba a nan abin ya tsaya ba. An yanka salatif ƙanana an manna kafin a shafa, yadda Fiddausi ta sha ganin uwarta na yi, don haka a tsakiyar kowane tafi ga fure mai ganye biyar, yatsun kuma an yi musu zobe-zobe har farce.

"Innalillahi," in ji Jabir a hankali. Sannan da ƙarfi: "Wa ya yi wannan?"

"Magani ne," in ji Nura.

"Na ce wa ya yi?"

"Fiddausi ce ta zana, Fibi ta ɗaure, ni na hau kujera na ɗauko."

"Me ya sa ba ku tambaye ni ba?"

Fiddausi ta ɗago kai da idanu masu tsabta. "Baba, kai ka ce mara lafiya ba ya magana. Ka ce wanda ya tashe ka an kore shi."

Jabir ya sake duban furen. Da a gemu suka shafa masa, da ya fita da ƙafarsa ya ce sunna yake rayawa. Amma fure a tafin hannun mahauci, wannan babu malamin da zai ba shi mafita.

Ya tsuguna a bakin ƙofa da bokiti. Ya wanke da sabulu. Ya wanke da omo. Ya matse lemon tsami, ya goga toka, ya aiki Nura ya ɗebo yashi a gindin bango, har kananzir ya gwada. Duk abin da ya yi sai jan ya ƙara fitowa kamar yana gode masa. Yaran suna tsaye a bayansa suna ba da shawara.

"Gobe zai fi haka ja," in ji Fiddausi, don ta kwantar masa da hankali. "Haka na Mama yake yi."

Yana cikin haka ya ji ana ƙwala masa kira daga tsakar gida. Dalyop ne, mahaifin Fibi, ya dawo jiƙe sharkaf, wando a naɗe har gwiwa.

"Oga Jabir! Fito, magudana ta toshe, ruwa zai shiga ɗakuna!"

Gaskiya ne, tsakar gidan ta zama tafki, takalman mutane na yawo a kai. Jabir ya waiga hagu da dama, ya fizgo safar makarantar Fiddausi daga igiya ya zura a hannaye, ya sa takalmin roba mai rufi, ya fito.

Dalyop ya dubi safar, fara mai ratsin shuɗi. "Lafiya?"

"Sanyi."

Suka duƙa a bakin ramin da ruwa ke fita. Ledoji ne da ɓawon rake suka cushe shi. Dalyop na zungura da sanda, Jabir ya zura hannu har kafaɗa yana jawo dattin. Can ramin ya yi wani gurnani, ruwan ya fashe da gudu, ya tafi da safar hannun dama. Jabir ya zaro hannu ya ɗaga sama don murna, tafi a buɗe, a gaban fuskar Dalyop.

Dalyop ya dubi furen. Ya dubi Jabir. Ya sake duban furen. Ya yi ƙoƙari, Allah ya sani ya yi ƙoƙari, har kumatunsa na rawa. Sannan ya jingina da bango ya saki dariyar da ta sa matan gidan ɗaga labule.

"Oga Jabir, ba ka gaya mana ba! Yaushe ne kamu?"

"Da hannun 'yarka a ciki," in ji Jabir cikin haƙora. "Ita ce nas."

"Shi ya sa ɗaurin ya yi kyau!"

Ruwa ya ɗauke gab da magariba, Balaraba ta sauka daga keke napep da ledar cincin a hannu. Ta shigo ta ga zannuwanta a ƙasa, ta ɗaga filas ta girgiza ta ji yana ƙara kamar kwalbar tsakuwa, sannan idonta ya faɗa kan kwanon.

"Lallena! Lallen da na tankaɗe na kwaɓa tun safe don in yi ƙunshin biki! Wa ya zubar min?"

Jabir na zaune a kujera, hannaye a hammata, ƙafafu a ƙarƙashin bargo.

"Baban Fiddausi, magana nake."

"Ba a zubar ba," in ji shi.

Ya zaro hannayen a hankali ya buɗe mata. Balaraba ta matso, ta kama hannun ta juya shi wajen hasken taga, ta duba yatsun ɗaya bayan ɗaya kamar mai sayen atamfa.

"Kai," ta ce. "Ya kama."

Daga nan dariya ta ƙwace mata. Ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya tana riƙe ciki, ta yaye bargon ta ga ƙafafun, ta koma ta kwanta. Da ta samu numfashi ta jawo Fiddausi ta ce, "Ke kika yi furen nan? Ashe kina da hannu!" Sannan ta tuna ya kamata ta yi faɗa, ta haɗe fuska ta ce kowa ya tattara zannuwa, amma muryar ta ƙi ba ta haɗin kai.

Ranar biki Jabir ya je ɗaurin aure da safar hannu ta ulu. A Jos cikin Agusta ba wanda zai tambayi mutum dalilin safa, sai ma wani dattijo da ya ce ya yi dabara. Abatuwa ce matsalar. Ba a riƙe wuƙa da ulu. Magadaliya ta ba shi safar roba irin ta asibiti, tana kawar da kai don kada su haɗa ido, amma safar fara ce mai shara-shara, furen na leƙowa ta ciki. Ya yi ta dabarar juya bayan hannu ga mutane har azahar. Wurin alwala kuwa babu dabara.

Wanda ya fara gani shi ne Baba Jika, tsohon mahaucin da teburinsa ke kusa da na Jabir, mutumin da in ya sa ka a baki sai ka gwammace a yi maka duka. Ya ajiye butarsa ya miƙe.

"Jama'a! Ku zo ku ga amarya! Wallahi har da ƙafa!"

Kafin a tayar da salla labari ya zagaye Abatuwa, daga masu fiɗa har masu wankin kayan ciki. Wani ya yi guɗa. Wani ya tambayi nawa ne sadaki. Matan da suka zo sayen nama suka riƙa cewa a miƙo musu da hannu biyu su gani. Baba Jika kuwa ya wuni yana kiran sa Hajiya.

Jabir yana sara ƙashi yana kallon tsohon ta gefen ido. Ya lura duk bayan ɗan lokaci Baba Jika yakan ajiye wuƙa ya murza yatsunsa, ya hura musu iska, yana yamutsa fuska. Kowace damina haka yake fama da sanyin ƙashi.

Da yamma, da mutane suka ragu, Jabir ya matsa kusa da shi yana goge wuƙa, ya yi ƙasa da murya.

"Baba Jika, ku yi ta dariya. Ni dai na san abin da na samu."

"Me ka samu, Hajiya?"

"Ka ga na murza yatsa yau? Ko sau ɗaya?" Ya buɗe hannun ya dunƙule, ya sake buɗewa. "Sanyin nan da ke shiga ƙashi. Daga gidan wata nas aka zo aka yi min. A kwaɓa da kauri, a ɗaure da leda, a kwanta kada a motsa. Amma don Allah kada ka gaya wa kowa, ka ga yadda mutane suke."

Baba Jika ya yi tsaki. "Kai dai ka ji kunya kana neman mafaka."

"To," in ji Jabir, ya koma teburinsa.

Ranar Laraba Baba Jika ya iso a makare, hannaye cikin aljihu. Aka miƙa masa hannu a gaisa, ya ce mura yake yi. Aka kawo masa cinyar sa, ya ce a ajiye tukuna. Ya yi ta zagaye teburinsa kamar mai neman abin da ya faɗi, har dai ya gaji ya matso wurin Jabir, ya juya wa mutane baya, ya zaro hannu ɗaya. Ja wur, har wuyan hannu, kamar ya tsoma shi a manja.

"Kai Jabiru," ya ce cikin raɗa. "Na sa tsohuwa ta yi min, na wuni a ɗaure. Yatsun nan har yanzu ciwo suke."

Jabir ya kama hannun ya juya shi, ya duba da fuskar likita, ya girgiza kai.

"Ina furen?"

"Wane fure?"

"Haba Baba Jika. Ai a furen maganin yake. Sai an sake."

Tsohon ya tsaya yana kallonsa. A hankali abin ya sauka masa. Ya waiga ya ga wutsiyar sa a kan tebur, ya fizge ta da jan hannunsa, a gaban kowa. Jabir bai jira ba. Ƙaton mutumin nan ya tsallake kwatami ya ratsa tsakanin tebura da gudu, tsoho na bin sa yana zabga masa wutsiya a gadon baya, mahauta sun ajiye wuƙaƙe suna tafi, har masu keke a bakin titi suka tsaya kallo.